Yadda Ake Binciko Asalin Sunan Zuri'ar Ingila Wanda Masu Shi Ba Su da Yawa

Idan aka ce ka nemo asalin masu sunan Smith a Ingila, an ɗora maka aikin da ba ya ƙarewa. Smith maƙeri ne, kuma kowane gari da maƙerinsa, shi ya sa dubban gidaje da babu dangin iya babu na baba suka wayi gari da suna ɗaya. Amma suna irin Attenborough ko Murgatroyd ko Arkwright, wanda masu amsa shi ba su da yawa, galibi daga gida ɗaya ko 'yan gidaje ƙalilan ya tsiro, a wani ƙauye, shekaru 600 ko 700 da suka wuce. Irin wannan ana iya bin sawunsa har a kai kusa da inda ya soma, kuma yanzu da intanet mutum na iya yin kaso mafi tsoka na aikin daga ɗakinsa.

Abin da ke ɓata wa mutane bincike shi ne farawa da tambayar "me sunan yake nufi?" Wannan tambaya ita ce ta ƙarshe. Sai ka san inda sunan ya zauna da yadda aka riƙa rubuta shi a da, sannan ma'anarsa za ta fito. Wanda ya fara da ma'ana zato yake yi, daga baya kuma ya shiga neman takardun da za su gaskata zatonsa. Zan bi matakan ne da sunan Attenborough a hannu, saboda labarinsa ya fito fili, kuma mutane da yawa sun san Sir David Attenborough, mai shirye-shiryen namun daji a talabijin na BBC.

Abin da ya kamata ka sani kafin ka fara

Kafin shekarar 1066, yawancin mutanen Ingila suna ɗaya gare su, sai dai a ƙara laƙabi wanda yake mutuwa da mai shi. Bayan da Normawa suka haye daga arewacin Faransa suka ci ƙasar a waccan shekara, manyan masu filaye suka fara gadar wa 'ya'yansu sunayen gidajensu. Al'adar ta riƙa gangarowa a hankali zuwa attajiran birni, daga nan zuwa manoma. Zuwa wajen 1400 yawancin iyalan Ingila suna da sunan da ɗa ke gada daga uba. Arewacin ƙasar ya ɗan makara, Wales kuwa ta makara sosai, don a wasu yankunanta har ƙarni na 18 da na 19 ana kiran mutum da sunan mahaifinsa kawai.

Kofofi huɗu sunayen suka shigo ta cikinsu: sunan wuri, sana'a, sunan uba ko uwa, da laƙabi. Bahaushe ba zai sha wahalar gane wannan ba, tunda Shehu Shagari da Abubakar Tafawa Balewa duk sunayen garuruwansu suke ɗauke da su, ga kuma masu amsa sunan sana'a da na mahaifi. Bambancin shi ne a Ingila sunan ya daskare. Jikan jikan wanda aka kira da sunan ƙauye yana nan da sunan ko da bai taɓa taka ƙauyen ba, mai sunan Baker kuma wataƙila rabon gidansu da gasa burodi tun ƙarni na 14. Sunayen da ba su yaɗu ba, da yawansu na wuri ne, na ɗan ƙauye ko ma gona guda.

Mataki na farko: tattara duk yadda ake rubuta sunan

Ɗauki littafi ko ka buɗe jadawali a kwamfuta, ka rubuta sunan yadda yake a yau, sannan ka jera duk wata siffa da kunne zai iya ji. Har cikin ƙarni na 19 mutane da yawa ba su iya rubuta sunansu ba, limamin coci ko magatakarda ne ke rubuta abin da ya ji, da irin karin harshen yankin. Ko waɗanda suka iya rubutu ba su damu da daidaita haruffa ba. Sa hannun Shakespeare guda shida da suka rage ba su yi daidai da juna ba, alhali shi rubutu ne sana'arsa.

Ga Attenborough, sai ka sa Attenborrow, Attenburrow, Attenborow, da wanda aka yar da t ɗaya, da wanda aka fara da H, don wasu Turawan Ingila suna ƙara wannan harafi ko su haɗiye shi a farkon kalma. Ka kuma nemi jin yadda 'yan ƙasa ke furta sunan, saboda rubutu da furuci sukan raba hanya: Cholmondeley ana cewa "Camli", Beauchamp ana cewa "Bicam", Mainwaring kuma "Manarin". Wanda ya rubuta abin da ya ji zai ba ka siffar da ba za ka taɓa zato ba. Shafukan bincike da yawa suna karɓar alamar tauraro a madadin haruffan da ba ka da tabbas a kansu, don haka Att*nb*r* zai kwaso maka kusan duka a lokaci guda.

Mataki na biyu: zana taswirar 1881

A nan aikin gaske yake farawa. Ingila ta fara ƙidayar jama'a a 1801, tana yi duk shekara goma, amma daga 1841 ne aka fara ajiye sunan kowane mutum. Masu nazarin sunaye sun fi jingina da ƙidayar 1881, saboda an kwafe ta gaba ɗaya, ana kuma iya bincika ta kyauta a shafin FamilySearch. A lokacin jirgin ƙasa da masana'antu sun fara watsa mutane, amma ba su gama raba iyalai da yankunan kakanninsu ba.

Ka nemo duk mai sunan, da duk siffofin da ka jera. Ga kowane namiji magidanci ka rubuta abu huɗu: shekarunsa, sana'arsa, inda yake zaune, da inda aka haife shi. Wurin haihuwa shi ne mafi daraja, musamman na tsofaffi. Dattijo mai shekara 75 a 1881 an haife shi wajen 1806, wato ya mayar da kai zamanin da ba a shimfiɗa layin dogo ba. Daga nan ka samo taswirar tsoffin gundumomin Ingila, ta kafin sauyin da aka yi wa iyakoki a 1974, ka riƙa ɗiga alama a wurin haihuwar kowannensu.

Idan ɗigon ya taru wuri guda, ka yi sa'a. Na Attenborough a gundumar Nottinghamshire da maƙwabtanta suka fi taruwa, a tsakiyar Ingila, sai wasu da suka gangara Landan. Kada tarin Landan ya ruɗe ka ko a wane suna, birni ne mai janyo baƙi, kusan kowane suna yana da wakili a can. To, ka duba tsakiyar wannan tari: kudu maso yamma da birnin Nottingham, a gefen kogin Trent, akwai wani ƙauye mai suna Attenborough. Mahaifin Sir David, Frederick Attenborough, wanda ya shugabanci kwalejin jami'a ta Leicester daga 1932 zuwa 1951, a Stapleford aka haife shi a 1887, tafiyar 'yan kilomitoci daga wannan ƙauye. Shekaru ɗaruruwa bayan sunan ya samu, ga masu shi ba su yi nisa da gida ba. Haka sunayen da ba su yaɗu ba suka saba yi: Murgatroyd na nan kewayen Halifax a yammacin Yorkshire, Arkwright kuma a Lancashire, inda aka haifi Richard Arkwright mai injin kaɗi, a garin Preston, a 1732.

Idan kuwa ka ga tari biyu ko uku masu nisa da juna, ka riƙe su a matsayin zuri'o'i daban har sai takarda ta haɗa su. Kama da wane ba ta wane.

Mataki na uku: koma baya zuwa 1837, ɗa zuwa uba

Daga 1 ga Yuli 1837 gwamnati ta fara rajistar haihuwa da aure da mutuwa a Ingila da Wales. Jerin sunayen yana kyauta a shafin FreeBMD, wanda 'yan sa-kai suka kwafa. An tsara shi wata uku-uku, Maris, Yuni, Satumba da Disamba, kuma abin da zai nuna maka shi ne suna, yankin rajista, lambar kundi da ta shafi. Da waɗannan lambobi ake sayen cikakkiyar takardar daga babban ofishin rajista, GRO. Ba sai ka sayi ta kowa ba. Ka fi mai da hankali ga takardar aure, domin tana ɗauke da sunan mahaifin ango da na amarya da sana'o'insu, wato takarda ɗaya ta haura da kai tsara guda.

Abu biyu ka kiyaye. Yankin rajista ba ya bin iyakar gunduma: Stapleford tana Nottinghamshire, amma rajistarta a yankin Shardlow take, wanda hedikwatarsa ke Derbyshire, don haka wanda ya taƙaita nemansa ga gunduma ɗaya zai tsallake mutanensa. Na biyu, kafin 1875 ba a tsananta wa iyaye kan rajistar haihuwa ba, akwai yaran da ba su shiga ba sam.

Ka haɗa wannan da sauran ƙidayoyi. Ta 1851 ita ce ta farko da ta faɗi ainihin garin haihuwa da dangantakar kowa da maigida. Ta 1841 rowa gare ta: tana rage shekarun manya zuwa biyar-biyar, mai 44 a rubuta masa 40, kuma iyakar abin da take faɗa shi ne ko an haifi mutum a gundumar ko a'a. Ta ɓangaren kusa da mu, ta 1921 ce ta ƙarshe da aka buɗe, a 2022, saboda ana rufe ƙidaya shekara 100. Ta 1931 ta ƙone a gobara a 1942, ba a kuma yi ta 1941 ba saboda yaƙi, sai dai akwai rajistar jama'a da aka ɗauka a Satumba 1939 wadda ke cike giɓin.

Ƙa'idar wannan mataki ɗaya ce: kada ka tsallake tsara. Ka tabbatar da uban kowane mutum da takarda kafin ka nemi kakansa. Bishiyoyin zuri'a da mutane ke ɗorawa a shafin binciken zuri'a na Ancestry da makamantansa, ka ɗauke su a matsayin jita-jita mai amfani. Wani ya haɗa John ɗin da ba shi ba, mutum hamsin suka kwafa, kuskuren ya zama kamar gaskiya don yawan masu faɗa.

Mataki na huɗu: littattafan coci, 1538 zuwa 1837

Wannan shi ne mataki mafi tsawo, kuma a nan haƙuri ke ƙarewa. A 1538 Thomas Cromwell, babban wazirin Sarki Henry na Takwas, ya ba da umarni kowane coci ya riƙa rubuta baftisma da aure da jana'iza. Ba kowane coci ne littafinsa ya kai wannan shekara ba. Da yawa sun fara ne daga 1558 ko bayan haka, wasu ruwa ya ci, wasu ɓeraye. Daga 1598 aka wajabta aika kwafin kowace shekara zuwa ofishin bishop, don haka idan littafin asali ya ɓata, ka nemi wannan kwafi. Tsakanin 1642 da 1660, zamanin yaƙin basasa da mulkin da ya biyo bayansa, littattafai da yawa suna da giɓi.

Littattafan asali ana ajiye su a ma'adanar takardu ta kowace gunduma, na ƙauyen da muke magana a kai a ta Nottinghamshire da ke birnin Nottingham. An ɗauki hotunan da yawa an sa a FamilySearch da Findmypast da Ancestry, shafin FreeREG kuma yana da kwafin wasu kyauta. Duk inda ka sami hoton shafin asali, ka karanta da idonka, kada ka tsaya ga abin da mai kwafi ya buga. Gani ya kori ji.

Karatun kuwa sai an koya. Rubutun ƙarni na 16 da na 17 salo ne daban: dogon s yana kama da f, ana rubuta babban F da ƙananan ff guda biyu, u da v suna musanya, haka i da j, harafin e kuma kamar an juya shi baya. Kafin 1733 za ka ci karo da Latin jefi-jefi. Johannes shi ne John, Gulielmus William, Jacobus kuma galibi James ne. Filius ɗa, filia 'ya, sepultus wanda aka binne. Babbar ma'adanar takardu ta ƙasa da ke Kew a Landan tana da darussan karanta tsohon rubutu kyauta a shafinta, kuma mako guda da ka ba su zai rage maka wahalar watanni.

Sai batun kalanda, wanda ya jefa mutane da yawa a rami. Kafin 1752 sabuwar shekara a Ingila ranar 25 ga Maris take kamawa. Yaron da littafi ya ce an yi masa baftisma ranar 10 ga Fabrairu 1720, a lissafinmu na yau 1721 ne, kuma masu bincike suna rubuta shi 1720/21. In ba ka san wannan ba, za ka ga an ɗaura aure a Afrilu 1720 an haifi ɗa a Fabrairu 1720, ka zargi bayin Allah da abin da ba su yi ba. A Satumba 1752 kuma aka tsallake kwana 11, aka kwana ranar 2 aka tashi ranar 14.

Littattafan suna ƙara kyau yayin da ake matsowa. Daga 1754 aure ya sami littafinsa daban, da sa hannun ango da amarya da shaidu, kuma shaidun nan sau da yawa 'yan uwa ne. Daga 1813 baftisma da jana'iza suka koma fom bugagge mai gurbin sana'ar uba da shekarun mamaci. Idan iyali suka ɓace daga littafin wani coci, ka zana da'irar kilomita 15 zuwa 20 ka bi cocin maƙwabta ɗaya bayan ɗaya. Yawancin ƙaurar mutanen wancan zamani gajera ce, saurayi ya tafi aikin gona ƙauyen gaba, ya yi aure can, ya zauna. Wani lokaci kuma ba ƙaura suka yi ba, ɗarika suka sauya, suka koma Methodist ko Baptist ko Quaker, waɗanda ke da nasu littattafan.

Ka buɗe ido ga kalmar alias tsakanin sunaye biyu. Tana nuna mutumin da aka sani da suna biyu, ko don agolanci, ko gado, ko haihuwa ba aure, ko kuma don sunan yana cikin sauya siffa. A irin wannan layi ɗaya ake kama suna yana rikiɗa.

Wasiyya ta fi littafin coci baki

Littafin coci zai ce an yi wa William ɗan John baftisma, bai damu ya gaya maka wane John ba cikin uku da ke ƙauyen. Wasiyya kuwa takan jero mata da 'ya'ya da surukai da jikoki, har da gonar da aka bar wa kowa. Kafin Janairu 1858 kotunan coci ne ke tabbatar da wasiyya. Babbar kotun Canterbury, mai kula da kudu, takardunta daga 1384 suna Kew, ana sauke su ta intanet. Ta York, mai kula da arewa, nata suna cibiyar Borthwick a jami'ar York, kuma Nottinghamshire a ƙarƙashin York take a wancan zamani, sai ka duba can da kuma ma'adanar gunduma. Ba masu kuɗi kaɗai ke barin wasiyya ba, akwai ƙananan manoma da masu sana'ar hannu da zawarawa.

Mataki na biyar: takardun haraji

A nan za ka daina bin mutum ɗaya-ɗaya, ka koma zana taswira kamar ta 1881, amma ta zamanin da ya fi nisa. Daga 1662 zuwa 1689 an karɓi harajin murhu, sule biyu a shekara kan kowane murhu, kuma jerin yana ba da sunan maigida da yawan murahunsa ƙauye bayan ƙauye. A 1641 zuwa 1642 an sa maza 'yan shekara 18 zuwa sama su yi rantsuwar biyayya ga addinin Furotesta, aka rubuta sunayensu. Ɗiga waɗannan a taswira, za ka ga tarin ya ƙara tsukewa.

Can baya akwai harajin kai na 1377, 1379 da 1381. Na farkon kwabo huɗu ne kan duk wanda ya kai shekara 14, na ƙarshen kuma shi ya tayar da boren talakawa na 1381. Waɗannan jerin sun faɗo daidai lokacin da sunaye ke zama na gado, shi ya sa masana ke ji da su, musamman na 1379 na yammacin Yorkshire. Kafin su akwai jerin harajin dukiya na 1327 da 1332. An buga da yawansu a littattafai, ba sai ka iya karanta rubutun asali da ke kan fata ba.

A nan za ka ga mutane da ƙaramar kalmar de gaban sunan wuri, ma'ana "na wuri kaza", kalmar da ta faɗi daga yawancin sunaye wajen ƙarshen ƙarni na 14. Amma ka yi hattara: ganin mai irin sunan a 1327 bai nuna shi ne kakan masu sunan na yau ba. Wataƙila laƙabinsa ne shi kaɗai, wataƙila kuma zuri'arsa ta ƙare a annobar 1348 zuwa 1349, wadda ta kashe aƙalla kashi ɗaya cikin uku na mutanen ƙasar. Tsakanin 1381 da 1538 takardu sun yi ƙaranci, kuma ga talakawa da wuya a sami sarƙar uba da ɗa da ba ta tsinke ba. Abin da za ka iya cewa da gaskiya shi ne sunan yana wannan yanki a shekara kaza, yana nan kuma bayan shekara 200.

Mataki na shida: yanzu ka tambayi ma'ana

Da taswirori a hannu da tsoffin siffofin sunan, sai ka buɗe ƙamus. Wanda ya fi inganci shi ne babban ƙamusun sunayen zuri'a na Birtaniya da Ireland da Oxford ta buga a 2016, kundi huɗu, sunaye sama da 45,000, yana ba da yawan masu suna a 1881, yankin da suka fi yawa, da mutanen farko da aka samu a takardu. In sunan na wuri ne, jami'ar Nottingham tana da shafin ma'anonin sunayen garuruwan Ingila kyauta.

Ga dalilin da ya sa na ce a bar wannan sai ƙarshe. A Ingilishin tsakiyar zamani ana cewa atte ko atten, wato "a wurin", kuma sunaye da yawa daga nan suka fito: Attwood mai zama a bakin daji, Nash daga atten ash, mai zama gindin wata bishiya. Wanda ya kalli Attenborough da ido kawai zai ce ai shi ma haka ne, "mai zama a ganuwa", kuma in da haka ne da sunan ya tsiro a wurare da dama. Taswira ta nuna tari guda kewaye da ƙauye mai wannan suna, sunan ƙauyen kuma masana sun fassara shi da sunan wani mutum na zamanin Anglo-Saxon, wato kafin zuwan Normawa, haɗe da burh, wuri mai kariya. Ma'anar sunan zuri'ar ke nan a taƙaice: mutumin da ya fito daga ƙauyen Attenborough. Galibi ma sai mutum ya bar ƙauyensu ake kiransa da sunan ƙauyen, shi ya sa ake samun masu sunan a garuruwan kewaye fiye da cikinsa.

Siffar suna ma tana nuna yanki. Ƙarshen -by da -thorpe da -thwaite na arewa da gabas ne, inda mutanen Scandinavia suka zauna. Royd, kamar a Murgatroyd da Ackroyd, fili ne da aka sare daji aka yi gona, kuma na yammacin Yorkshire ne. Tre-, Pol- da Pen- na Cornwall ne. Sana'a ɗaya ta tattaka sabon ƙyallen ulu ta haifi suna uku: Fuller a kudu maso gabas, Tucker a kudu maso yamma, Walker a arewa.

Akwai kuma sunayen da suka yi kama da na Ingila alhali aro ne. Furotestan Faransa da suka gudo bayan 1685 da Yahudawan gabashin Turai da suka iso daga shekarun 1880 da yawa sun gyara sunayensu su dace da bakin 'yan ƙasa. A Jamaika da Barbados, da Freetown da Legas, akwai iyalai masu sunayen Ingila da suka samo ta hanyar bauta ko mishan. Idan bincikenka ya bi ta nan, kwalejin UCL ta Landan tana da rumbun bayanai kyauta na masu bayin da aka biya diyyar fam miliyan 20 bayan dokar 'yanta bayi ta 1833.

Masu sayar da "tambarin gidanku" a faranti ko kofin shayi, da ɗan tarihin da ke kai kowa ga wani jarumin 1066, ka wuce su. A dokar Ingila tambari na mutum ɗaya ne da magadansa, babu tambarin suna, kuma hukumar da ke ba da shi, wadda aka kafa a 1484, ita kanta haka take faɗa. Wanda ya cancanci ka tuntuɓa shi ne ƙungiyar masu nazarin suna guda, Guild of One-Name Studies, da aka kafa a 1979. Dubban sunaye suna rajista a wurinta, kuma in wani ya riga ya ɗauki naka, mai yiwuwa ya shekara da shekaru yana tara abin da kake nema. Da ɗan gari akan ci gari.

Mataki na ƙarshe: gwajin DNA

Ƙwayar halitta ta Y daga uba take zuwa ga ɗa namiji, hanyar da sunan zuri'a ke bi, don haka ana iya gwada ko maza masu suna ɗaya kakansu ɗaya. Gwajin Y ake buƙata takamaimai, ba gwajin gama-gari mai faɗin kashi nawa na jininka daga ina yake ba, kuma kamfanin FamilyTreeDNA ne ya fi tara ƙungiyoyin masu suna ɗaya. Ka zaɓi maza daga rassan da takarda ta kasa haɗawa, mutum biyu daga kowane reshe in zai yiwu. Gwada 'yan uwa na kusa asarar kuɗi ce. Ka kuma gaya wa kowa tun farko cewa sakamako na iya nuna wani a cikin kakanni ba ɗan wanda ake zato ba ne, don akwai riƙo, akwai agolanci, akwai ɗan da ya ɗauki sunan uwarsa.

A 2000 Bryan Sykes na jami'ar Oxford ya gwada maza masu irin sunansa, ya tarar kusan rabinsu zubi ɗaya ne. A 2009 Turi King da Mark Jobling na jami'ar Leicester, harabar da Sir David ya tashi a cikinta yana yaro, suka gwada sunaye 40. Masu sunan Smith ba su fi baƙin juna kusanci ba, amma a Attenborough kusan tara cikin goma daga tsatso ɗaya suke, abin da ya yi daidai da taswira.

Wani lokaci kuma gwajin kan fito da abin da babu takardar da ta faɗa. Waɗannan masana na Leicester sun ba da rahoto a 2007 kan wani suna na Yorkshire da ba a cika ji ba, Revis. Cikin maza 18 da aka gwada, 7 suna ɗauke da wani nau'in Y da ba a saba samu ba sai a Afirka ta Yamma, alhali duk fararen fata ne da ba su san suna da wata alaƙa da Afirka ba. Binciken takardu ya mayar da rassansu Yorkshire a ƙarni na 18, daga nan sawu ya ɗauke. Ko kakan ya iso ne a zamanin cinikin bayi, ko tun cikin sojojin Rum da suka zauna a arewacin Ingila, masu binciken sun kawo duka biyun, ba su yanke hukunci ba.